Tiyatar maƙoƙo a Legas: an cire bututun numfashi babu tari, numfashi ya tsaya a ɗakin farfaɗowa

Matar 'yar shekara 52 ce, nauyinta kilo 70. Hatsi take sayarwa a kasuwar Mile 12, gidanta kuma yana Agege. Maƙoƙon ya shekara takwas a wuyanta tana rufe shi da mayafi tana harkokinta. Sai da ya hana ta kwanciya rigingine, lomar tuwo kuma ta fara tsaya mata, sannan ta yarda 'ya'yanta suka kai ta wani asibiti mai zaman kansa. Gwajin jini ya nuna tayirod ɗin, wato naman nan da ke gaban maƙogwaro, yana aiki daidai, bai wuce kima ba kuma bai gaza ba. Hoton wuya ya nuna ƙulle-ƙulle a ɓangarorin biyu, na dama ya ture hanyar iska zuwa hagu, amma bai matse ta sosai ba. Likitan tiyata ya yanke shawarar cire tayirod ɗin baki ɗaya.

A ganawar farko likitan sa barci ya tsinci abubuwa biyu da suka shafi tari kai tsaye. Na farko, tana shan lisinofiril saboda hawan jini, kuma ta daɗe da wani busasshen tari da take ɗora wa ƙurar hatsi. Wannan magani da danginsa sun yi suna wajen jawo irin wannan tari. Aka sauya mata zuwa amlodifin, miligiram 10 a rana, aka ɗaga tiyatar da mako huɗu, tarin ya ɗauke. Na biyu, Hausa kawai take ji sosai. Yarbancinta na ciniki ne, Turanci kuwa sai gaisuwa. Likitan ba ya jin Hausa. A yawancin tiyata wannan ƙaramar matsala ce, ɗa ko suruka sai su yi tafinta a bakin ƙofa a wuce wurin. A hanyar da aka shirya bi da ita kuwa, wato a farkar da ita da bututun numfashi a baki sannan a zare shi babu tari, magana da mara lafiya tana cikin aikin kansa, don haka tun daga ranar aka nemi wata nas Bahaushiya da ke ɗakin mata, aka sa ta cikin ma'aikatan ranar tiyata.

Me ya sa ake gudun tarin

Bututun robar da ake zurawa ta baki zuwa hanyar iska yana da ɗan balan-balan a ƙarshensa, ana hura shi ya toshe gefe don kada iska ta zurare, kada kuma abin ciki ya gangara huhu. Fatar da ke cikin hanyar iska cike take da jijiyoyi masu saurin jin taɓawa. Muddin barci yana da nauyi, saƙonsu ba ya tasiri. Da zarar maganin barci ya fara sakin mutum, saƙon sai ya isa gindin ƙwaƙwalwa, a ba da umarnin tari. To amma mai bututu a maƙogwaro ba ya iya rufe igiyoyin muryarsa ya yi tari irin na kowa. Abin da ake gani shi ne yunƙuri: ciki ya ƙulle, fuska ta yi jawur, jijiyoyin wuya su tashi raɗa-raɗa, mutum yana zabura a kan gado. Hawan jini da bugun zuciya su yi sama tare.

A tiyatar ƙafa wannan ba ya wuce abin da ido ba ya son gani. A wuya kuwa wata magana ce daban. Tayirod yana daga cikin sassan jiki mafi yawan jini, kuma in an cire shi ana barin jijiyoyin jini da dama a ɗaure ko a ƙone. Yunƙuri guda mai ƙarfi na iya zame ɗauri ko ya ɓamɓare gudan jinin da ya toshe wata 'yar jijiya. Jinin da ya taru a ƙarƙashin naman wuya ba shi da wajen zuwa, sai ya hana jinin maƙogwaro komawa, ciki ya kumbura, hanyar iska ta rufe. Ba ya faruwa da yawa, amma in ya faru mintuna ake da su, kuma galibi a cikin awa 24 na farko yake zuwa, kusan rabi ma a awa shida na farko. Irin wannan tsoron ne ake yi a tiyatar ƙwaƙwalwa, da ta cikin ido, da ta kunne.

Dangin mofin, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi, suna danne cibiyar tari a ƙwaƙwalwa, an san haka tun da daɗewa, shi ya sa aka riƙa zuba kodin a maganin tari. Matsalar ita ce suna danne numfashi a lokaci guda, kuma yawancinsu suna daɗewa a jiki. Remifentanil, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1996, ya bambanta ta fuska guda: ba ya jiran hanta ko ƙoda. Wasu sinadarai da ke cikin jini da tsoka ne ke farfasa shi, don haka ko an yi awa biyar ana tura shi, in an tsayar, adadinsa a jini yana raguwa da rabi cikin minti 3 zuwa 4. Fentanil ba haka yake ba, yana taruwa a kitse da tsoka, gwargwadon daɗewar da aka yi ana tura shi gwargwadon jinkirin fitarsa. Wannan ne ya sa ake iya barin remifentanil yana shiga kaɗan-kaɗan har mutum ya buɗe ido da bututu a bakinsa, bai damu da shi ba.

Nawa ne “kaɗan”? A nan ra'ayi ya rabu. Wani bincike da aka yi a Bairut ta ƙasar Labanan a 2009, a kan mutum 60 da aka yi wa tiyatar hanci, ya rage gudun maganin zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a lokacin aiki, wajen maikirogiram 0.014 ga kowane kilo a minti. Kashi 40 cikin ɗari suka yi tari, a waɗanda aka tsayar wa maganin gaba ɗaya kuwa kashi 80. A shekarar dai, wani binciken a Koriya ta Kudu, a kan mata masu tiyatar tayirod da aka sa barci da propofol, ya gano cewa hana tari a kusan kowa yana buƙatar nanogiram 2.14 a kowace mililita a inda maganin ke aiki, rabin matan kuwa 1.46 ya ishe su. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ba ƙarama ba ce. A ƙiyasin da ake amfani da shi, kowane maikirogiram 0.1 ga kilo a minti yana ba da wajen nanogiram 2.5 a mililitar jini, ke nan adadin Koriya ya kai kusan 0.09, wajen ninki shida na adadin Bairut. Ƙaramin adadi yana rage tari, babba yana kusan kawar da shi amma yana taɓa numfashi. Maza sun fi mata buƙatar mai yawa, tsofaffi kuma kaɗan ke kayar da su. Ya kamata a lura cewa waɗannan bincike tari suka ƙirga, ba zubar jini ba.

Shirin

Asibitin ba shi da injin da ake faɗa wa adadin da ake so a jini ya yi lissafi da kansa. Injin tura sirinji na yau da kullum ne, mai lissafin mililita a awa. Aka narkar da garin remifentanil miligiram 2 a ruwan gishiri mililita 40, kowace mililita ta ɗauki maikirogiram 50. Aka rubuta lissafin a takarda aka manna a jikin injin: ga mai kilo 70, 0.1 daidai yake da mililita 8.4 a awa, 0.04 daidai da 3.4, 0.02 kuma 1.7. An duba batirin injin kafin a fara. A Legas wannan ba ƙarin aiki ba ne, domin tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta, injin da batirinsa ya mutu zai tsaya, wani ma ya manta abin da aka saita masa. Maganin da ke barin jiki cikin mintuna ba ya yafe irin wannan. Ba a kuma rataya shi a ledar ƙarin ruwa ana ƙirga ɗigo da ido.

A tiyatar wuya ana naɗe hannayen mara lafiya a jikinsa, a rufe da ƙyalle, likitan sa barci kuma ya koma can wajen ƙafa ko gefe. Don haka aka ɗaura wa kanular da ke bayan hannun hagu, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, wani ƙarin tiyo mai cin mililita 1.5, a ƙarshensa aka sa mahaɗa mai baki uku. Ta baki ɗaya ruwan ƙari ke shiga, ta ɗayan remifentanil. Abin awon hawan jini aka ɗaura a hannun dama, don kada matsawarsa ta riƙa katse maganin.

Kafin a sa ta barci nas ɗin ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani: “Hajiya, in kin farka za ki ji roba a bakinki, kada ki tsorata, kada ki cije ta. Muryata za ki ji. In na ce ki ja numfashi, ki ja sosai. In na ce ki buɗe baki, ki buɗe.” Ta ce, “To, 'yata, Allah ya sa a yi a sa'a.” Aka sa ta maimaita sau biyu.

An sa ta barci da propofol miligiram 140, aka saki tsoka da atirakuriyom miligiram 35, aka zura bututu mai lamba 7, irin mai zaren ƙarfe a jikinsa wanda ba ya lanƙwashewa in an miƙe wuya. An auna matsin balan-balan aka tsayar a santimita 25 na ruwa. Abin da ake so shi ne tsakanin 20 da 30. Masu hurawa da sirinji suna latsawa da yatsa sau da yawa suna zarcewa, kuma balan-balan da ya cika tam yana cikin abubuwan da ke tayar da tari da ciwon maƙogwaro. Barcin ya ci gaba da iskar isofuloren kashi 0.8 zuwa 1.0, remifentanil tsakanin 0.1 da 0.15. An ba ta dezametason miligiram 8 tun da farko, sai farasitamol giram 1.

Minti 40 kafin a gama aka ba ta mofin miligiram 5, likitan tiyata kuma ya yi wa bakin yankan allurar kashe zafi kafin ya ɗinke. Wannan dole ne, domin remifentanil ba ya barin komai a baya. Minti goma bayan tsayar da shi, mutumin da ba a tanadar wa wani magani ba zai ji yankan kamar yanzu ake yi, wani lokaci ma zafin ya fi haka in an daɗe ana ba da mai yawa. Mofin kuma ba ya kama jiki nan take, sai an ba shi rata. Ba a taɓa pentazosin ba ko da yake shi ya fi sauƙin samu a asibitocinmu, saboda yana iya rage ƙarfin dangin mofin a inda suke kamawa, ya dagula lissafi. Mutane suna kiran sa “fenta”, kuma an sha rikita shi da fentanil a baki, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Farkawar

Kafin a rufe naman wuya, likitan tiyata ya nemi a riƙe iska a huhu da matsin santimita 30 na wajen daƙiƙa 15. Wannan tarin gwaji ne da ake yi da gangan tun wuya yana buɗe, don duk jijiyar da za ta zuba ta zuba a gaban ido. Wuri ɗaya ya tsattsafo, aka ƙone shi.

Duk abin da zai taɓa maƙogwaro an yi shi tun barci yana da nauyi. An leƙa da fitila an zuƙe yawu da majina ana gani, ba a tura tiyon zuƙa a makance ba. An sace balan-balan na ɗan lokaci aka saurara, aka ji iska tana fita ta gefen bututu, alamar cewa hanyar iskar ba ta lotse ba bayan shekarun da maƙoƙo ya yi yana danne ta. Aka mayar da iskar. An sa naɗaɗɗen bandeji tsakanin turamen haƙora, domin bututu mai zaren ƙarfe in an cije shi ba ya komawa yadda yake, a matse zai zauna. An cire matashin da ke ƙarƙashin kafaɗa a hankali, mutum ɗaya yana riƙe da kai da bututun tare. Motsin bututu a cikin hanyar iska, ko na santimita ɗaya ne, ya isa ya ɓata duk shirin.

Ana saura minti goma a gama ɗinkin fata aka rage remifentanil zuwa 0.04, wajen nanogiram 1 ke nan a jini. An zaɓi tsakiya ne da sani: shekarunta sun haura hamsin, akwai mofin a jikinta, kuma isofuloren ba ya saurin fita kamar sababbin iskokin barci. Na'urar gwada tsoka ta nuna motsi huɗu, aka ba da niyostigmin miligiram 2.5 da atirofin miligiram 1.2 don warware maganin sakin tsoka, aka jira har na'urar ta nuna ƙarfi ya dawo kashi 90. Da aka ɗaure bandeji aka rufe isofuloren, aka buɗe oksijin lita 8 a minti don ya wanke huhu, aka ɗaga kan gado kamar digiri 30. Injin numfashi ya ci gaba da aiki, amma an rage yawan hurawa don iskar da jiki ke fitarwa ta ɗan taru, ta kai 46 a ma'auni. Mai dangin mofin a jini ba ya jin buƙatar numfashi sai wannan iska ta haura yadda aka saba.

Sannan aka yi abin da ya fi wuya a ɗakin tiyata, wato shiru da haƙuri. Ba a girgiza ta ba, ba a matsa mata muƙamuƙi ba, ba a fara goge jiki ko janye ƙyalle ba. Masu kwashe kayan ƙarfe aka ce su dakata.

A minti na tara, isofuloren ya sauka 0.2, nas ɗin ta sunkuya ta ce a hankali, “Hajiya, an gama. Buɗe idonki.” Shiru. Bayan minti biyu ta sake, sai ido ya buɗe. Aka tsayar da injin numfashi. Ga ta a farke, tana kallon nas, bututu a baki, ba tari ba yunƙuri, amma ƙirjinta bai motsa ba. Wannan hoton shi ne ainihin aikin remifentanil: mutum yana ji yana gani, ya dai manta da numfashi. “Ja numfashi, Hajiya. Sosai.” Ta ja mililita 500, ta sake tsayawa. A minti guda sau biyar ta yi, kuma duk sai an ce. Wannan bai isa a cire bututu ba. Aka rage maganin zuwa 0.02, ana taimaka mata da jakar iska a hankali, nas tana ta magana. Bayan minti huɗu ta koma sau 10 a minti da kanta, kowane ja ya haura mililita 350, wato mililita 5 ga kowane kilo. Ta matse hannun nas da aka ce ta matse. “Buɗe baki.” Aka sace balan-balan sannu a hankali, aka zare bututun. Ta yi gyaran murya sau ɗaya. Hawan jininta bai wuce 138 bisa 84 ba, bugun zuciya 76. Aka kashe injin sirinji, aka cire tiyonsa daga mahaɗar, aka toshe bakin. Da aka ce ta faɗi sunanta, muryar ta fito sarai.

Wannan tsari kusan shi ne wanda ƙungiyar likitocin Birtaniya masu kula da matsalolin hanyar iska ta zayyana a ƙa'idojinta na cire bututu na 2012, inda ta sa shi cikin dabarun da sai gwani. A cikin matakan akwai guda da aka tsallake a nan.

Abin da ya faru a ɗakin farfaɗowa

Minti 20 da isarta, tana magana, oksijin a jininta kashi 98, ta ce zuciyarta na tashi. Amai ma abin gudu ne bayan tiyatar wuya, don haka nas ɗin ɗakin ta yi daidai da ta ɗauko maganin amai, ondansetiron miligiram 4. Ta tura shi ta mahaɗar nan mai baki uku, ta bi shi da ruwan gishiri mililita 5. Ba a yi minti biyu ba matar ta yi shiru, ido a rufe. Na'ura ta fara ƙara: 92, 88, 84. Bugun zuciya ya sauka 48.

Wanda aka yi wa tiyatar tayirod in numfashinsa ya lalace, zuciyar kowa wuya take tafiya, kuma haka ya kamata. Jini ne ya taru? Jijiyoyin murya biyu ne suka taɓu, igiyoyin suka rufe? Maƙogwaro ne ya shaƙe, ko hanyar iska ta lotse? Sai dai duk waɗannan suna da kama guda: mutum yana fafutukar jan iska ta ƙi shiga. Za a ga tsoro a fuska, gumi, ramin wuya yana lotsawa, ana jin ƙara kamar ta usur. Ita kuwa ba ta ko gwadawa. Wuya laushi, bandeji a bushe, robar da ke zuƙo jini daga yankan ba ta tara abin kirki ba. Da likitan sa barci ya ɗaga fatar idonta, baƙin tsakiyar ya tsuke kamar kan allura. Ya tura muƙamuƙi gaba, ya kifa abin rufe fuska ya fara matsa jaka da oksijin zalla. Matsawa biyu na farko ƙirjin ya yi tauri, ta uku iska ta shiga. Cikin minti guda ta koma 97.

An haɗa nalokson, maganin da ke karya ƙarfin dangin mofin, miligiram 0.4 a ruwa mililita 10, don a riƙa ba da mililita ɗaya-ɗaya in ta kama, amma ba a ba da ba. Hukuncin ya yi daidai. Tunda iska tana shiga da jaka, remifentanil zai fita da kansa, nalokson kuwa zai kwashe har da mofin, ta farka cikin zafi da hawan jini da tarin da aka yi ta gudu. Da ƙirjin ya ƙi sakin iska, magana ta canza: sai nalokson nan take, ko maganin sakin tsoka a mayar da bututu. Bayan minti biyar ta fara ja da kanta, bugun zuciya ya koma 64 ba tare da magani ba. Nas Bahaushiyar da aka kira ta tambaye ta, ta ce ita dai barci ne ya ɗauke ta.

Daga ina maganin ya fito, alhali an kashe injin kusan rabin awa? Da aka koma takardar aikin sai aka ga bakin zaren. Leda ta biyu ta ruwan ƙari ta ƙare saura minti 25 a gama tiyata. An riga an ƙara mata lita guda, ba a sa mata robar fitsari ba, sai mataimaki ya rufe maƙullin ruwan bai rataya wata ba. Muddin ruwa yana gudu wajen mililita 400 a awa, remifentanil da ke cikin ƙarin tiyon nan a tsarme yake, duka-duka bai kai maikirogiram 2 ba. Da ruwan ya tsaya, injin ya ci gaba da tura magani zalla, mililita 8.4 a awa, cikin minti 11 ya cika tiyon. Akwai ma alama a takardar: a daidai lokacin bugun zuciya ya tashi daga 62 zuwa 78 sannan ya sauko, aka ɗauka ɗinki ne. A gaskiya maganin ne ya yi ƙaranci a jikinta yayin da yake cika tiyo. Daga nan abin da injin ya tura shi ke shiga, shi ya sa farkawar ta tafi daidai. Amma da aka kashe injin, mililita 1.5 mai ɗauke da maikirogiram 75 ta zauna a tiyo. Sinadaran da ke farfasa maganin a jini suke, babu su a cikin roba, don haka yana nan da ƙarfinsa. Ruwan da nas ta tura ya kai shi jijiya cikin daƙiƙu. Maikirogiram 75 ga mai kilo 70 ya ɗan haura 1 ga kowane kilo, adadin da ake bayarwa a farkon tiyata lokacin da ake shirin karɓe wa mutum numfashi, kuma ko a can a hankali ake tura shi, ba a ƙasa da daƙiƙa 30 ba.

Laifin ba na nas ɗin ɗakin farfaɗowa ba ne. Ruwan da ke cikin tiyon fari ne tas kamar kowane ruwa, kuma a bayanin miƙa mara lafiya ba wanda ya ce mata an yi amfani da remifentanil ta wannan hannu.

Gyaran da aka yi bayan nan bai ci wani kuɗin kirki ba. Ana haɗa tiyon remifentanil ne a bakin kanula kai tsaye, ba a bayan wani ƙarin tiyo ba, ko kuma a ba shi kanularsa shi kaɗai. Inda ya zama dole ya bi ta hanyar ruwan ƙari, ba a rufe ruwan sai an kashe injin, kuma ana sa 'yar mahaɗa mai hana komawa baya, don kada in kanula ta toshe maganin ya hau ledar ruwa ya taru. Bayan cire bututu ana kwance ƙarin tiyon a jefar, a zuƙo abin da ke cikin kanula, a wanke ta a hankali tun ana ɗakin tiyata da na'urori a jiki, a jira minti biyar kafin a tura gado. A takardar miƙawa an ƙara layi guda da ake sa wa hannu, cewa an wanke kowace kanula. Ga ayyukan da ba su da tsawo kuma an koma haɗin maikirogiram 20 a mililita, wanda da shi aka yi amfani a ranar, da abin da ya zauna a tiyon 30 ne maimakon 75.

Remifentanil ba ya samuwa a yawancin asibitocin ƙasar nan, kuma yana cikin magungunan da hukumar NAFDAC ke sa wa ido sosai. Inda babu shi, kuskure ne a ɗauko fentanil a yi masa irin wannan lissafi, domin in numfashi ya yi rauni, rage gudun injin ba zai dawo da shi cikin minti huɗu ba. Abin da ya fi aminci shi ne lidoken, maganin kashe zafin wuri, ta jijiya, miligiram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo, 'yan mintuna kafin a zare bututu, tare da duk sauran matakan da ba su buƙatar magani: auna balan-balan, zuƙe majina tun barci na da nauyi, hana bututu motsi, ɗaga kai, da shiru. Ko da maganin yana nan, ba kowa ake yi wa ba. Mai ƙiba da ke shaƙewa a barci, tsoho mai rauni, wanda cikinsa ke cike, da wanda aka sha wuya wajen zura masa bututu, duk sai an sake auna riba da hasara. Haka wanda ba ya ji, ko wanda babu mai jin harshensa a ɗakin.

An riƙe matar awa biyu a ɗakin farfaɗowa maimakon ɗaya. A ɗakin kwanciya an ajiye almakashi da safar hannu da ƙyallen toshe jini a gefen gadonta, don in wuya ya kumbura a warware ɗinki nan take ba sai an koma ɗakin tiyata ba. Ana duba ta duk awa a awa shida na farko. Wuyan bai kumbura ba. Washegari an auna kalsiyom a jininta, domin ƙananan ƙwayoyin nan huɗu da ke bayan tayirod, masu daidaita shi, kan yi sanyi bayan irin wannan aiki, aka same shi daidai, kuma ba ta ji tsikari a leɓe ko yatsu ba. An cire robar zuƙo jini a rana ta biyu, aka sallame ta a ta uku da lebotairoksin, maganin da ke maye gurbin aikin tayirod, maikirogiram 100, ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo har tsawon rayuwa, da takardar komawa gwajin jini bayan mako shida.